Tambaya da Amsa: Ina Jin Kiran Bishara Zuwa Ƙasar Waje, Amma Wa Zai Riƙe Mahaifiyata?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekaruna 29, kuma shekara biyu ke nan zuciyata ba ta kwanta ba a kan zuwa aikin bishara a Nijar ko Chadi, tun ranar da wani ɗan mishan ya zo majami'armu ya ba da labarin ƙauyukan da ba su da ko ungozoma. Damuwata ita ce mahaifinmu ya rasu, ni ce babba, da albashina ake ciyar da gida ake kuma biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu. Wata ƙawata ta karanta mini Matiyu 10:37, inda Ubangiji ya ce wanda ya fi ƙaunar uwa ko uba a kansa bai cancanci zama nasa ba, ta ce in tafi kawai, Allah zai lura da su. Mama ba ta hana ni ba, amma duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta yi shiru ta shige ɗaki. Shin zamana a gida rashin biyayya ne?
Daga wata mai karatu a kudancin Kaduna.

AMSA: 'Yata, na gode da wasiƙarki, kuma na yi murna da nauyin da Ubangiji ya ɗora miki a zuciya. Zamanki a gida a halin yanzu ba rashin biyayya ba ne. Ƙawarki ta karanta miki aya ta gaskiya, sai dai ta ɗora ta a inda ba mazauninta ba. A sura ta 10 ta Matiyu, Yesu yana aiken almajiransa goma sha biyu, yana gargaɗinsu cewa lokaci zai zo da 'yan gida ɗaya za su tsananta wa juna saboda sunansa. Ayar tana magana ne da wanda iyayensa suka ce ya zaɓa tsakaninsu da Almasihu, mahaifiyarki kuwa ba ta taɓa neman ki musunci Ubangijinki ba.

Ki buɗe Markus sura ta 7 ki ga yadda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa, domin sun koya wa mutane cewa idan mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, to ya kuɓuta daga hakkinsu. Ubangiji ya kira wannan koyarwa soke maganar Allah da al'adar mutane. Manzo Bulus, wanda babu ɗan mishan da ya kai shi yawan tafiya a Sabon Alkawari, shi ne ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalin gidansa ba ya musunci bangaskiya. Abin da ya fi taɓa ni kuma yana cikin Yohanna sura ta 19: Yesu yana kan gicciye, yana cikin azabar da ba ta misaltuwa, amma bai cika ba sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, shi kuwa almajirin ya ɗauke ta zuwa gidansa tun daga wannan sa'a. Gaskiya ne Allah zai lura da Mama, amma ki duba yadda Ɗan Allah ya yi: ya nuna mutum takamaimai wanda zai riƙe ta. Ke ma kafin ki ɗaura kaya, ya kamata a san sunan wanda zai sayi hatsi, da wanda zai biya kuɗin makaranta, da wanda zai kai ta asibiti cikin dare.

Abu na biyu shi ne, ba mutum ne yake aiken kansa ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 13, ikkilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, sannan ta sallame su, bayan sun yi shekara guda cur suna koyarwa a cikinta, har an amince musu da kai gudummawar yunwa zuwa Yahudiya. Jama'ar da suka aike su sun riga sun ga yadda suke riƙe amanar kuɗi da ta mutane. Saboda haka ki kai wannan magana gaban faston majami'arki da dattawa, ki bar su su yi miki tambayoyi masu wuya.

Tarihinmu ma yana da abin faɗa a nan. A ƙarshen shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wato yankin da ya haɗa da arewacin Nijeriya. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo, ba a sami kafa tasha mai ɗorewa ba sai a 1902 a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ne ɗarikar ECWA ta fito a 1954, ita kuma take aiken nata 'yan mishan ta hannun hukumarta ta mishan, EMS, zuwa cikin Nijeriya da ƙasashen waje. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, mahaifiyar Gowans ce a birnin Toronto ta zaunar da Bingham ta bayyana masa bukatar wannan ƙasa har ya yarda ya bi ɗanta. Uwar tana cikin aikin tun daga tushe, da saninta da addu'arta ɗan ya tafi. Irin wannan nake yi wa Mama fata, kuma ba a samunsa da gaggawa.

Yanzu ga abin da nake so ki fi riƙewa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ɗakin majinyatan da kike aiki a cikinsa yau shi ne Larabarki. Asibitin mishan na Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, yawancin masu zuwa jinya a cikinsa ba Kirista ba ne, kuma kafin su ji wa'azi hannun mai wanke musu miki suke fara gani. Idan kina zuwa aikin dare a kan lokaci, ba kya karɓar na goro kafin ki duba mara lafiya, kina yi wa Bafulatanar da ba ta jin Turanci bayanin maganinta da haƙurin da za ki yi wa matar fasto, to kin riga kin shiga aikin da kike marmari. Wadda take yi wa majinyata tsawa a garinsu, ƙetare iyaka ba zai sauya mata hali ba, zafin rana da kaɗaici ma sai su ƙara fito da shi fili.

Shekarun da suka rage wa ƙannenki a makaranta kuwa lokacin shiri ne. Hausarki babbar dukiya ce a Maraɗi da Damagaram da Tawa, amma rubutun asibiti a can da Faransanci ake yi, Chadi kuma tana bukatar Faransanci da Larabcin ƙasar, don haka ki fara koyo tun yanzu. Ki tambayi hukumar mishan ta ɗarikarku yadda ake amincewa da takardar shaidar jinya a ƙasar da kike nufi, da kuma ainihin abin da ake ba ɗan mishan a wata, domin sau da yawa bai kai albashin gwamnati ba, ya kamata ki san haka da idonki a buɗe. Idan hali ya yi, ki yi amfani da hutunki na shekara ki je ki yi mako biyu ko uku a wani asibitin mishan, ki gwada zuciyarki.

Game da shirun Mama, kada ki fassara shi da kanki. Matar da ta binne mijinta tana iya jin tsoron abin da ba za ta iya furtawa a gaban 'yarta ba. Ki nemi wata dattijuwa da take girmamawa, ko daga danginku ko daga Zumuntar Mata, ku zauna ku uku, ki fara da tambayarta abin da take tsoro kafin ki faɗi abin da kike so. Bayan wannan zama da kuma ganawarki da dattawa, ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da suka ce.