Wa ke biyan ICANN, wa ke juya ta?

Malam, ka tambaya ko kuɗin da ka biya na rajistar sunan shafinka na .com a Wuse gwamnatin Amurka ke cinyewa. A'a. ICANN, mai kula da tsarin sunayen shafukan intanet irin su .com, ƙungiya ce mara neman riba, an kafa ta 1998 a Kalifoniya, kuma kwangilarta da gwamnatin Amurka ta ƙare a 2016. Kuɗinta daga kamfanonin rajista yake fitowa: a kan kowane sunan shafi suna ba ta ɗan abin da bai kai dala ɗaya ba a shekara, sauran nasu ne. Wajen juya ta kuwa, daraktoci 16 ke kaɗa ƙuri'a, kwamitin zaɓe ke naɗa takwas. Gwamnatoci shawara kawai suke bayarwa.

Shi kuwa .ng na Najeriya, NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta ƙasar, ke riƙe da shi tun yarjejeniyarta da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya. Ka kula da ranar sabunta rajistar sunanka, in ta wuce, shafinka zai ɗauke.