Filin Tambaya da Amsa: Rabin ajina 'yan kasuwanci, rabi 'yan kwamfuta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata babbar makaranta, ina zaune a Daura. Wannan zangon an ba ni kwas na rumbun bayanai da haƙar bayanai, wato tara bayanai wuri guda a kwamfuta da tono abin da suke nunawa, in koyar da ɗaliban digiri na biyu, kuma an haɗa mini aji biyu wuri guda: masu karatun harkar kasuwanci da masu karatun kwamfuta. In na buɗe SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, 'yan kasuwanci su koma latsa waya. In na shiga zancen riba da masu saye, 'yan kwamfuta su fara hamma. Mako 12 gare ni. In roƙi a raba ajin ne, ko akwai dabara?

Malama daga Daura

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki roƙi a raba su. Wanda ya haɗa miki su ya yi miki gata, ko da bai sani ba, domin a wurin aiki ma haka za su haɗu: ɗaya na da tambaya ba ya iya tono amsa, ɗayan ya iya tono amma bai san abin da ake nema ba.

Ni ma na sha wannan wahalar a nan Katsina. Shekarar da na fara koyar da kwas ɗin, mako huɗu na kwashe ina zuba ma'anoni a allo. Na sa sun haddace siffofi huɗu da masanin fannin, Bill Inmon, ya ba rumbun bayanai: a tsara shi bisa maudu'i, a haɗe abin da ya fito daga wurare daban-daban ya zama bai ɗaya, ya riƙe tarihi, kuma abin da ya shiga ba a goge shi. Sun haddace tsaf kamar karatun allo. Da na miƙa musu littattafan ciniki biyu na ce su gaya mini buhun masara nawa aka sayar a wata uku, sai aji ya yi tsit. Laifina ne, ba nasu ba.

Tun daga nan na daina farawa da kwamfuta. Ranar farko rumbu nake zana musu, irin na hatsi. Na'urar da ke rubuta ciniki a shago kamar tukunyar da ke kan murhu ce, aikinta na yau ne, ana zubawa ana kwashewa. Rumbu kuwa na ajiyar shekaru ne, kuma ba a zuba masa hatsi da ƙaiƙayi. Sai an ɗebo daga gona, an sussuke, an sheƙe, sannan a zuba. Waɗannan matakai, ɗebowa da tacewa da zubawa, su ne ke cin mafi yawan lokacin duk wanda ya taɓa gina irin wannan rumbu, kuma su ne littattafai ke wucewa da sauri.

Saboda haka ki ba su bayanai masu datti, na gida. Ki nemi izinin wani ɗan kasuwa da kika sani, mai hatsi ko mai kayan masarufi, ki ɗauki hoton littafinsa na shekara biyu, ɗalibai su shigar da kansu. A nan za su ga abin da ba ya cikin littafin Turawa. Gari ɗaya an rubuta shi Dutsin-Ma, Dutsinma, D/Ma. Mutum ɗaya yau Muhammadu, gobe Moh'd, jibi Alhaji kawai. Wani shafi an auna da tiya, wani da buhu, kuma buhun gero da na shinkafa ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗan kwamfuta zai rubuta umarnin da zai daidaita sunaye cikin minti biyar, amma ba zai san tiya nawa ke cika buhu a wannan kasuwar ba sai ya juya ya tambayi na kusa da shi. Ranar da na fara ganin wannan juyawar na san kwas ɗin ya kama hanya.

Wajen tsara rumbun, ni hanyar wani masanin, Ralph Kimball, nake bi da su, ba don ta Inmon ba ta da kyau ba. Inmon na son a gina babban rumbu na ma'aikata gaba ɗaya tukuna, Kimball kuwa ya ce a ɗauki harka ɗaya a gina mata nata, a riƙa ƙarawa. Mako 12 ba zai ishe ki na farkon ba. Tsarin da ake kira tauraro shi za ki koya musu: tebur ɗaya a tsakiya mai ɗauke da lambobi, wato yawan kaya da kuɗi, sai tebura kewaye da shi masu bayanin wane kaya, wace rana, wace kasuwa, wane mai saye. Kafin su ja layi ko ɗaya, ki tsare su da tambaya guda: layi ɗaya a teburin tsakiya me yake nufi? Rasit guda ne, ko kowane kaya da ke cikin rasit, ko jimlar cinikin yini? Na ga ƙungiyoyi sun yi mako biyu suna gini, suka rushe, don ba su tsayar da wannan ba.

Teburin kwanan wata kuma ki kula da shi sosai, nan ne nake jin daɗin kwas ɗin. Wanda ya zo a littafi yana da rana, mako, wata, shekara, da hutun ƙasarsu. Namu in babu watan Musulunci a ciki, makaho ne. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris, na 2025 kuwa a farkonsa. Ɗalibin da ya kwatanta cinikin sukari na Afrilun 2023 da na Afrilun 2025 zai ce kasuwa ta mutu, alhali azumi ne ya matsa. Su ƙara gurbin azumi, da na sallah ƙarama da babba, da kaka da bazara, da ranar kasuwa. Su kuma sa alama a 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, domin farashin kafin nan da na bayan nan ba a haɗa su a kwano ɗaya ba tare da bayani ba. Wannan aikin 'yan kasuwanci ne ke jagorantarsa, kuma za ki ga sun ajiye wayar.

Haƙar bayanai sai wajen mako na bakwai. Ki fara da neman kayan da ake saye tare, dabarar Apriori da Rakesh Agrawal da Ramakrishnan Srikant suka fitar a 1994 suna aiki a kamfanin kwamfuta na IBM. Littattafai na son labarin cewa ana sayen giya tare da ƙunzugun jarirai a shagunan Amurka, wanda ba ya gaya wa ɗan Daura komai. Ga irin wanda nake bayarwa, da lambobin misali kawai. A ce rasit 1,000, sukari na cikin 600. Masu sayen madara 200 ne, 130 cikinsu sun haɗa da sukari, kashi 65 cikin 100 ke nan. Ɗalibi zai yi murna ya ce ya gano wani abu. Ki tuna masa cewa dama kashi 60 na kowa da kowa na sayen sukari, madarar ba ta ƙara komai ba sai ɗan kaɗan. Amma a ce gero na cikin rasit 100 kacal, masu sayen tsamiya 50 ne, 40 cikinsu sun haɗa da gero. Kashi 80 a kan kashi 10, ninki takwas. Kunu ke nan. Su yi wannan lissafin da biro kafin su taɓa na'ura. Bayan nan sai bishiyar yanke hukunci, wato jerin tambayoyi masu rassa da ke kai ga amsa, da rarraba masu saye rukuni-rukuni, mako ɗaya ɗaya ya isa.

Kayan aiki ba sa buƙatar kuɗi. Manhajar PostgreSQL ko SQLite don rumbu, Weka na Jami'ar Waikato da ke Niyu Zilan ko Orange don haƙa, duk kyauta ne kuma suna aiki ba intanet. Ki zuba su a filashi tun makon farko, kin dai san halin wutarmu.

Sai maki, wanda shi ne linzamin. Ƙungiya ta mutum huɗu, biyu daga kowane ɓangare, ke za ki haɗa, kada ki bar su su zaɓi abokansu. Ranar gabatarwa ɗan kwamfuta ne zai faɗi abin da mai shagon zai canja gobe da nawa zai samu, ɗan kasuwanci kuma ya buɗe SQL ya bayyana layi-layi. Za su yi ƙorafi, har a kai ƙararki ofis. Ki daure.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kan ajinki ma. Kafin littafin ɗan kasuwar ya isa hannun ɗalibai, a cire sunaye da lambobin waya, musamman shafin bashi. Daura ba ta da girman da za a ce ba wanda zai gane sunan kawunsa.

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibin kasuwanci ne a Katsina, lissafina ba ƙarfi, kwamfutata kuma tsohuwa ce. Zan iya wannan kwas?

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa

AMSA

Za ka iya, ɗana. In ka san kashi cikin ɗari da matsakaici, ka riƙe rabin abin da ake bukata, sauran a aji za ka same shi. Tsohuwar kwamfutar ma za ta ɗauki layi dubu hamsin ba gardama. Kafin a koma, ka sauke rahoton farashin kayan abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, ka buɗe shi a Excel, ka nemo yadda farashin wake ya yi tafiya cikin wata 12. Ka zo da abin da ka samu ranar farko, ka zauna kusa da ɗan kwamfuta.