Amsa ga ɗan'uwa mai Corolla da ke zubar da baƙin mai

Salamu alaikum ƴan gida. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce tsohuwar Corolla taka in ka je Tasawa ka dawo sai ka ƙara lita guda ta baƙin mai, da safe kuma kana iske tabo ƙarƙashinta, kuma makanikinka ya leƙa ya ce juwan sipi na baya ne, wato robar da ke tare mai tsakanin inji da bwat (akwatin giya), sai an sauke bwat. To ka dakata tukun, kada ka bari a kwance ko noti guda sai an wanke injin nan. Ni abin ya ci ni ne shi ya sa nake gaya maka.

Tawa ma irin taka ce, mai inji 4A-FE, na yi shekaru ina jigila da ita Maradi zuwa Dan Isa da Madarunfa. Wata shekara da bazara ta fara wanga ciwo, ƙasan bwat kullum jiƙe sharkaf, ƙura ta manne ta yi kamar kwalta. Na kai wani garaji, ba zan faɗi wurin ba, mutumen ko fitila bai kunna ba ya ce sipi na baya. Anka sauke bwat, kwana biyu mota na kan duwatsu, na biya kuɗɗin aiki na sayi sipi, tunda an buɗe anka ce in canza dis ɗin ambarayaj, wato faifan kuloci, ma, na canza. Wallahi sati bai cika ba tabo ya dawo daidai wurin da yake da. Wani dattijo da ya yi aikin Peugeot 504 tun muna yara shi ya ce in kai lawaj a wanke ta tas in kawo mishi. Munka tada ta minti goma sha, ya haska bayan delko, abin nan da ke raba ma buji wuta, ya ce zo ka gani, sai ga mai siriri kamar zare shina hitowa daga gindin delko shina gangarawa bisa bwat. Ƴar roba ce zagayayya wadda ta bushe ta yi tauri, da ya matsa ta da yatsa sai ta karye kamar busasshen kara. Kuɗɗinta ko na litar mai guda bai kai ba.

Abin da nake so ka gane, mai ba ya hawa sama, gangarowa yake, shi ya sa yoyon sama kan gangaro ya taru tsakanin inji da bwat, wanda ya duba ta ƙasa kawai sai ya ce sipi. Wurin da za ka nema shi ne inda jiƙar ta faro daga sama, can ne bakin ciwon.

Ka bari inji ya huce, a ɗaure delko da altarnater da leda, a wanke da gazuwal sannan omo da ruwa, ya bushe sarai. In kana da hodar jarirai ka barbaɗa kewayen marfin sama da gefen filtir da bayan delko, mai na hitowa za ka ga layi baƙi cikin farin. Ka shimfiɗa kwali ƙasa ka tada ta a tsaye, ka ɗan ba ta wuta, sannan ka haska daga sama zuwa ƙasa. Juwan marfin sama, wato robar da ke ƙarƙashin marfin inji, shi ne na farko, in shi ne sau da yawa har ramin buji za ka iske mai kuma kana jin ƙaurin ƙuna in ya ɗiga bisa bututun hayaƙi. Sai manokontak, ɗan abin nan mai waya guda da ke kunna fitilar mai, shi in ya tsage ba ɗiga yake ba, tsartuwa yake in inji na aiki, kuma yawan man da ka ce kana ƙarawa ya sa na fi zarginsa shi da filtir. Filtir ɗin ma ka tuna yaushe anka yi bidanj, wato canjin baƙin mai, don yara na cire tsohon su bar robarsa manne a jikin inji su ɗora sabo bisa, roba biyu ba ta riƙe mai. Bushon na ƙasa, wato notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai, da wasarsa wannan duba ɗaya ne.

In gefen da kurwa, wato bel ɗin inji, take ne ke jiƙe, a buɗe marfin roba a gani, in mai ya taɓa kurwar distribisiyon, bel mai haƙora da ke cikin marfin, to da sipin wannan gefen da kurwar duka za a canza, kada ka yarda a goge ta a maida.

Ka shinshina abin da ya ɗiga a kwalin ma. Man bwat wari gare shi mai ƙarfi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na inji baƙi ne da ƙaurin ƙuna, na sitiyari galibi ja-ja ne. Kuma ka sa wani ya bi ka a baya da babur ya duba hayaƙi, in shuɗi ne to ba zuba kaɗai take ba, tana ci ma, wannan sau da yawa zancen segman ne, wato zobban fistan. Akwai kuma bututun numfashi da ke hita daga marfin sama, ƙurarmu ta nan da daɗewa ba a yi bidanj ba suna toshe shi, in ya toshe iska na matsuwa cikin inji ta tura mai ta kowace kafa, ka sa sabon juwan yau gobe ya sake. Ka buɗe marfin zuba mai inji na aiki ka ɗora tafin hannu, in shina busowa da ƙarfi kamar zugazugi ka faɗa ma makanikin kafin ya sayar maka da komi.

Silikon kuma don Allah a yi hankali, na ga wanda anka lafta mishi a karter, kaskon mai na ƙasan inji, kamar ana yaɓen ɗaki, guntayen sunka faɗa ciki sunka toshe rariyar famfon mai, inji ya buga a hanyar Gidan Rumji.

Kafin ka gyara, kullum da safe ka zaro sandar awo a wuri mai daidai, tsakanin alamar ƙasa da ta sama wajen lita guda ne, injin kuma duka-duka bai ɗaukar lita 4, ka ga wanda ke zubar da lita a tahiya guda ba shi da rarar da zai yi wasa da ita. Ka aje galan na 20W50 a but, kada ka cika ya wuce alama, in fitilar mai ta kama kana tahiya ka kashe nan take ko tsakiyar daji ne. In an wanke an bushe sannan ka ga mai na hitowa ta ƙasan mahaɗar inji da bwat alhali sama duk a bushe, to a nan makanikinka ya yi gaskiya, a sauke. Ka ɗauko hoton bayan delko da gefen filtir bayan wankin ka turo nan mu gani.