Tambayi Inna Majo: Yaro ya faɗi a aji, alhakin yana wuyan wa?

Tun da aka koma lakkwal, saƙonnin da ke zuwa mini kusan duk a kan lafiyar ɗalibai suke. Na ɗauki huɗu na taƙaita su, na cire sunaye kamar kullum.

Tambaya: Inna Majo, barka da aiki. Ɗana shekararsa 9, yana CE2, aji huɗu na firamare, a wata makarantar gwamnati. Yana da farfaɗiya, yana shan magani tun bara. Kwanakin baya ta kayar da shi cikin aji, yara suka watse da gudu. Washegari darakta ya kira ni ya ce in riƙe shi a gida sai ya warke, wai iyayen yara sun ce za a shafa wa ƴaƴansu. Yana da wannan ikon? (Wata uwa, unguwar Wadata, Tawa)

Amsa: Ɗiyata, ba shi da shi. Dokar da ta tsara ilimi a ƙasar nan, wadda ake kira LOSEN, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan Nijar. Ba ta ce ban da mai farfaɗiya ba. Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Darakta na iya sallamar yaro gida na ƴan kwanaki in cuta ce mai yaɗuwa, irin su ƙyanda ko sanƙarau, shi ma bisa shawarar likita. Farfaɗiya ba ta cikin wannan layi. Matsala ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta miyau, ko kumfar baki, ko tusa, ko tsallake wurin da mutum ya faɗi. Na share wa masu ita baki da hannuna tun ina sabuwar ma'aikaciya har na yi ritaya, ga ni nan lafiya lau.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan "sai ya warke". Maganin farfaɗiya shekaru ake yi ana sha, likita ma ba ya tunanin rage shi sai yaro ya daɗe ƙwarai bai faɗi ba. Wanda ya ce ki jira har sannan, korar yaron ya yi, kawai bai rubuta ba ne. To ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuta. Ki ce, "Mushe, a ba ni a takarda, da sa hannu da hatimi, in kai wa likitansa." Da wuya ki ga takardar, don ya san ba ta da madogara. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Amma kada ki tafi da faɗa. Mutumin nan tsoro ne ya kama shi, shi da malamin ajin. Ka ga yaro ya sandare, idanu sun juye, yana shure-shure a ƙasa tsakanin tebura, ga yara cike da aji suna kururuwa, kai kuma babu wanda ya taɓa koya maka abin yi. Mafi yawan makarantunmu na firamare ba su da ɗakin magani, balle ma'aikacin jinya. Don haka ki kai masa abin da zai riƙe. Ki koma wurin likitan da ke duba yaron, a CSI ne, wato ƙaramin gidan likita na unguwa, ko a babban asibitin jiha, ya rubuta takarda gajera: yaron nan yana da farfaɗiya, ba ta yaɗuwa, yana kan magani, yana iya karatu, ga abin yi in ta tashi. Abin yin kuwa ba shi da yawa. A janye tebur da kujera daga kusa da shi, a sa ɗankwali ko riga a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin wannan hali, don shaƙewa zai yi. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe ɗaya. Wani ya duba agogo: in ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya fasa kai, sai gidan likita nan take, ba a jiran uwa ta zo. Ki yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin darakta, ɗaya a hannun malamin aji, da lambar wayarki da ta wani na gida wanda ba ya kashe waya.

Ki kuma tambayi likita ko za a daidaita lokutan shan maganin su faɗa safe da dare, yadda makaranta ba za ta shiga cikin bayar da shi ba. Galibi ana iyawa. Kada ki canza da kanki, kuma kada ki bari ya yanke ko da kuɗi sun yi wuya, don tsayar da shi farat ɗaya na iya tayar da faɗuwa mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

In darakta ya kafe, ki je wurin shugaban kwamitin makaranta, wato CGDES da har yanzu muke ce wa Kojes, ki kuma nemi matan ƙungiyar iyaye mata, don tsegumin nan daga bakin iyaye ya fito, ta wurinsu zai fi saurin mutuwa. In duk bai yi ba, sai ofishin sufeton makarantu. Kafin nan yaro ya ci gaba da zuwa aji. Kowace safiya da ya zauna a gida, sauran yara na ƙara yarda cewa akwai abin gudu a jikinsa.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne. Ina ajiye farasetamol a aljihun tebur, yaron da ya ce kansa na ciwo in ba shi. Wani abokin aiki ya ce in wani abu ya faru ni za a kama. Gaskiya ne? In kuma na bar yaro da zazzaɓi ban yi komai ba fa? (Wani malami, Yamai)

Amsa: Malam, abokinka ya faɗa maka gaskiya, tambayarka ta biyu kuma ita ma tana da gaskiyarta. Doka ta ɗaure ka ta gefe biyu. A kundin dokokin zaman jama'a da kotunanmu ke aiki da shi, ayoyi na 1382 da 1383 sun ce duk wanda ya jawo wa wani ɓarna, da aikinsa ko da sakacinsa ko da rashin lura, shi zai biya. Kyakkyawar niyya ba ta goge wannan. A dokar hukunta laifuffuka kuma, ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari alhali kana iyawa laifi ne. Sai dai taimakon da ake nema daga malami ba zaɓen magani ba ne. Shi ne ya lura, ya sanar da iyaye, ya kai yaro inda ake duba shi.

Farasetamol ba guba ba ne in an bi ƙa'ida, na sani. Damuwata ita ce ba ka san abin da ke ƙarƙashin ciwon kan ba, ba ka san nauyin yaron ba, ba ka san ko uwarsa ta riga ta ba shi biyu da koko kafin ya fito ba. Ƙwaya ɗaya na iya kwantar da zazzaɓi na ƴan awoyi, yaro ya koma gida kamar ya samu sauƙi, alhali maleriya ce ko abin da ya fi ta. Ku mutanen Yamai ba sai an tuna muku 2015 ba, shekarar da sanƙarau nau'in C ya sa gwamnati ta rufe makarantun birnin a watan Afrilu. Zuwa ƙarshen Yuni an ƙidaya mutum 8,500 da ake zaton sun kamu a ƙasar, 573 suka rasu. Ciwon nan da ciwon kai da zazzaɓi yake farawa, kuma awoyi yake ƙirgawa. Yaron da ke zazzaɓi lokacin hunturu ko bazara, ka ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji ya kasa, ko haske na damun idonsa, ko yana amai yana magagi, wannan ba na aljihun tebur ba ne. Ka tare kabu-kabu ko taksi.

Ga inda abin ke cije wa malamai, kuma ba laifinku ba ne: kuɗi. Maganin kyauta da aka kawo a 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne da mata masu ciki. Ɗan CI, wato aji ɗaya, ya riga ya fita daga ciki. Malamin da ya ɗauki yaro zuwa CSI ya san aljihunsa ne zai yi magana, ga albashin kwantiragi. Wannan magana ce ta taron Kojes na farkon shekara. A ware ƴan kuɗi na gaggawa, ko da dala ashirin-ashirin ne kowane gida, a rubuta wanda zai riƙe, a je a gaida majo, wato shugaban CSI mafi kusa, ya san fuskar darakta. Akwatin makaranta kuma ya ƙunshi sabulu, auduga, bandeji, safar hannu, ma'aunin zafi da gishirin zawo. Ƙwayoyin da ake talla a kan tire a bakin ƙofa, waɗanda rana ta gasa, kada su shigo ko da kyauta.

Yaron da ke da maganinsa na kullum daban ne, kamar mai asma da abin shaƙarsa, ko mai amosanin jini. Wannan a karɓa da takardar likita da rubutaccen izinin uba ko uwa, sunan yaro a jikin kwalin. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, abin da ka gani, wanda ka kira. Ranar da aka zo da ƙorafi, wannan littafin ne shaidarka. Mai asma kuwa kada a kulle masa abin shaƙarsa a ofishin da darakta ke tafiya da makullinsa.

Tambaya: An ba ɗiyata wasu manyan ƙwayoyi a makaranta ba a tambaye ni ba, ta dawo tana amai da jiri. Zan iya kai ƙara? (Wani uba, Tawa)

Amsa: Alhaji, daga bayaninka wannan maganin tsargiya ne, praziquantel, da ma'aikatar lafiya ke rabawa a makarantu tare da na tsutsar ciki. Da sanda ake auna tsawon yaro a san ƙwaya nawa zai sha. Yana da ɗaci, kuma in ciki babu komai yakan kawo murɗa, amai da jiri, su wuce cikin yini. Ina goyon bayan rabon nan ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya ga yaran da ke wanka a tafkin Tabalak ko magudanan noman rani na Ƙonni suna fitsarin jini ya san amfaninsa. Amma kana da gaskiya a abu ɗaya: kai ne mai iko da ƙaramar yarinya, ya kamata a sanar da ku kafin ranar, a ce yara su karya kumallo, mai wata cuta kuma ya faɗa. Ƙara a kan amai na yini ɗaya ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka kai kukanka ga darakta da majon CSI don baɗi a yi shela. In aman ya zarce kwana ɗaya, ko jiki ya yi ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ka kai ta a duba, ka faɗi abin da ta sha.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin maganin wata sakandare. Wata ɗaliba ta zo mini, na gano tana da ciki. Shugaban makaranta ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce in ba shi suna. Yaya zan yi? (Wata ƴar'uwa, ba ta faɗi gari ba)

Amsa: Ƙanwata, ba za ki ba shi ba. Shi shugabanki ne a kan lokacin zuwa da na tashi, amma abin da marar lafiya ya faɗa miki a bayan labule sirrin aiki ne, dokar hukunta laifuffuka kuma ta tanadi hukunci ga ma'aikacin lafiyar da ya tona shi ba bisa ƙa'ida ba. Ki faɗa masa haka ba tare da ɗaga murya ba. Magana zarar bunu ce, in sunan ya kai ɗakin malamai da safe, kafin azahar ya kai kasuwa. Ki kuma duba inda kike ajiye rajista, don na sha ganin ta a buɗe kan tebur, ɗalibai na shiga suna fita.

Wataƙila yana tunanin dole ne ya kore ta, kamar yadda ake yi a da. Zamanin ya wuce. Akwai dokar shugaban ƙasa ta 5 ga Disamba 2017 kan kare ɗiya mace da tallafa mata a lokacin karatu, sannan a 2019 ministocin ilimi suka fitar da ƙudurin haɗin gwiwa da ya ba ɗalibar da ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatunta.

Riƙe sirri kuwa ba ya nufin ki bar ta ita kaɗai da kayan. Tana buƙatar awon ciki da wuri, kuma yarinya ƙarama haɗarin haihuwarta ya fi na babbar mace. Ki zauna da ita ku zaɓi babba ɗaya da za a fara gaya wa, uwa ko inna ko goggo, ki ce za ki kasance a wurin lokacin da za a faɗa. Ki tambaye ta a hankali yadda abin ya faru. In fyaɗe ne, ko wani babba ne mai iko a kanta, balle a ce malami, to maganar ta fita daga hannun makaranta gaba ɗaya. Akwai ma'aikatar kare yara, akwai sashen ƴan sanda mai kula da ƙananan yara, akwai alƙalin yara. Ki nemi shawarar babban likitan gundumarku a ranar, ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da kwanan wata, ki kulle takardar inda ke kaɗai ke da makulli.