Tallafin kuɗin rainon yara a New York: wai sai na ce ba ni da miji za a ba ni?

TAMBAYA: Salam Anti, ina Bronx, ina aikin kula da tsofaffi a gida, maigidana kuma yana tuƙa Uber, mu biyun muna samun kamar dala 72,000 a shekara, yaranmu biyu, ƙaramin wata 10. Kuɗin gidan raino ya cinye mu wallahi. Wata mata mai cika wa mutane fom ta ce in ba ta dala 200 za ta rubuta ni kaɗai ce ba miji, wai in aka ga kuɗin maigida ba za a ba ni ba. Hankalina bai kwanta ba, dan Allah ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Kar ki ba ta ko sisi. Da wannan kuɗin da kika faɗa kin cancanta da mijinki a rubuce cikin fom ɗin. Kafin Agustan 2022 iyali mai mutum huɗu in suka haura kusan dala 55,500 an rufe musu ƙofa, a watan Agustan 2022 jihar New York ta ɗaga iyakar zuwa 83,250, sannan a Oktoban 2023 ta kai shi kashi 85 cikin 100 na matsakaicin abin da iyalan jihar ke samu, wanda shi ne ƙarshen abin da dokar tarayya ta yarda a tallafa da kuɗin gwamnatin tarayya, yanzu ga mutum huɗu ya wuce dala 100,000. Kasonku da za ku biya kuma kashi 1 ne na abin da ya ɗara layin talauci, a lissafinku bai kai dala 10 a sati ba.

To kin ga ita wannan matar da tsohon ilimi take cin kuɗin mutane, kuma abin nan na "ki ce ba ki da miji" ya ishe ni, kusan kullum sai na ji shi, a gidan suna, a wajen kitso, a guruf ɗin WhatsApp, kowa ya zama lauya. Fom ɗin nan ke za ki sa hannu kin rantse duk abin da ke ciki gaskiya ne, sunan mai cikawar ba ya ko'ina, ranar da asiri ya tonu ita tana gida tana shan shayinta. Kuma yana tonuwa cikin sauƙi, don kun cika takardar haraji tare, sunansa na kan takardar hayar gida, yana kan takardar haihuwar jaririn da aka haifa wata 10 da suka wuce. Duk bayan wata 12 ana sabunta tallafin, kenan duk shekara sai kin sake maimaita ƙaryar. In aka kama za a ce ki dawo da duk abin da aka biya wa gidan raino, kuma rainon jariri a New York shekara ɗaya kawai yana wuce dala 10,000 nesa ba kusa ba, ga yiwuwar a kai ki kotu da laifin zamba. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba nan ne babban tashin hankalin, domin a dokar shige da fice duk wanda kotu ta samu da zambar da asararta ta haura dala 10,000 yana cikin manyan laifukan da ake korar mutum a kansu, ko da yana da girin kad, wato katin zama na dindindin. Ki duba kuma in ta hanyar aure kika samu takardunki, kin gaya wa wannan ofis kuna tare kin gaya wa wancan ya tafi, wanne za ki kare?

Na taɓa zama da wata baiwar Allah ta zo da wasiƙa a ninke cikin ledar magani, goyo a bayanta, hannunta na rawa, aka ce ta biya kuɗin shekara biyu. Da na zauna na haɗa albashinta da na mijinta sai na ga tun farko sun cancanta. Har yau abin yana ci mini rai.

Matsalar gaske a wani wajen take. An faɗaɗa ƙofa amma kuɗin bai biyo yawan mutane ba, har a 2025 hukumar ACS mai kula da harkokin yara a birnin New York ta fara sa sababbin masu nema a jerin jira, kuma wannan haushin nawa a kan 'yan siyasa yake, a yi wa iyaye shela su zo su tarar da layi. Jihar New Mexico ta cire sharaɗin yawan albashi gaba ɗaya daga 1 ga Nuwamban 2025, ashe dai ana iyawa.

Ki shiga MyCity, shafin intanet na birnin New York, ki cika da kanki, kyauta ne. Ki haɗa takardun albashinki na kwanan nan, shi kuma maigida takardar harajinsa da bayanin kuɗin da Uber ke turo masa, tunda a matsayin mai aikin kansa za a ɗauke shi, kuma sai an ga shaidar ku biyun kuna aiki. Matsayin takardun yaron ake dubawa ba na iyaye ba. Babban yaron in ya kai shekara 3 ki nema masa 3-K, wato ajin kyauta na 'yan shekara 3, shi ba ruwansa da albashi. In kuma akwai kaka ko maƙwabciyar da kika yarda da ita, ana iya yi mata rajista a riƙa biyanta da wannan tallafin. In kin riga kin sa hannu a wani fom na matar nan, ki ga lauyan shige da fice a satin nan kafin ki kira kowane ofis.