Ɗan majalisarmu yana zango na uku, shin ba shi da wa'adi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye a jihar Jigawa. Ɗan majalisar jiha da ke wakiltarmu yana zango na uku, amma ba ma ganinsa sai wajen ta'aziyya ko in zaɓe ya matso. Shin doka ta ƙayyade masa wa'adi kamar gwamna, kuma akwai hanyar sauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kundin tsarin mulki na 1999 ya tsayar da gwamna a zango biyu, amma bai sa wa ɗan majalisa iyaka ba, duk bayan shekara huɗu yana iya sake tsayawa muddin jam'iyya ta ba shi takara. Sharuɗɗan ma ba su da tsauri: ya zama ɗan ƙasa, yana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma ya kai shekara 25, domin a 2018 aka rage ta daga 30.

Daɗewa a kujera ba aibi ba ne a kan kansa. Majalisar Jigawa tana da kujeru 30, ta Kano 40, kuma galibi wanda ya daɗe shi ke samun shugabancin kwamiti mai ƙarfi ko kujerar kakaki, wani ma ya wuce Abuja, kamar yadda Kabiru Alhassan Rurum ya riƙe kakakin majalisar Kano kafin ya tafi Majalisar Wakilai a 2019. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da muke auna su da shi. Mukan yabi wanda ya aiko da buhun gero da azumi, mu manta cewa ainihin aikinsa shi ne zama a kan kasafin kuɗi, da tantance kwamishinoni, da bin diddigin aikin da aka ware wa kuɗi. Idan rufin ajin firamarenku ya yaye tun damina biyu, yara na zaune a ƙasa, tambayar da za ku yi masa ita ce ko ya sa gyaran a kasafin bana, kuma nawa aka saki.

Game da saukewa, sashe na 110 ya tanadi kiranye. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke zuwa ga hukumar zaɓe ta INEC, ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya ƙwarai. Yunƙurin da aka fara yi wa Sanata Dino Melaye a 2017 a matakin tantancewa ya tsaya a 2018.

Shawarata, ku haɗa dattawa da matasan gari ku rubuta masa buƙatunku, ku ajiye kwafi. Sannan ku yanki katin jam'iyya ku riƙa halartar taron mazaɓa, domin ta nan ne za ku samu ta cewa a zaɓen fid da gwani.