Tace sinadarin zaƙami a gida

Ɗan'uwa, ka ce kana son tace sinadarin zaƙami a gida don ka ga ƙarfinsa. Don Allah ka haƙura. 'Ya'yansa da ganyensa har furen suna ɗauke da sinadarai masu guba da ake kira atirofin da sikofolamin, kuma yawansu yana bambanta daga shuka zuwa shuka, ba ka da ma'aunin da zai nuna maka abin da ka tara a kwalba. In mutum ya sha shi, sai baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, fitsari ya ƙi fita, zuciya na bugawa da sauri, mutum ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Wasu ma mutuwa suke yi. In ilimin kake so, nemi sashen harhaɗa magunguna na ABU Zariya.